Faifai tara da idon Injiniya

Injiniya ake ce masa a layin, ko da yake bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba. Gyaran talabijin da rediyo yake yi, a wani ɗan shago tsakanin tela da mai aski. Shekara talatin da ɗaya ya yi a sunkuye kan tebur guda, da dalma da ƙarfen narka ta, da gilashin ƙara girma wanda ya ɗaure da waya.

Yana saurayi wani ya kawo masa na'urar wasan bidiyo ta lalace. Da ya gyara, sai ya kunna don gwaji. Wasan kumbo ne: wasu mutane sun bar duniyarsu da ta ƙone, suna neman wata a cikin taurari. Minti ashirin ya yi yana tuƙa kumbon, mai abu ya zo ya ɗauki kayansa. Tun daga ranar, duk sanda aka fito da sabon kashi na wasan sai ya sayi faifan ya ɗora a saman kabad, ya ce sai ya huta. Hutun bai zo ba. Aure, haihuwa, makarantar yara, jinyar mahaifiyarsa. Faifai suka kai tara, ya kuma harhaɗa na'urori uku daga tarkacen shago don su iya kunna tsofaffi da sababbi. Matarsa takan ce ta fi goge mutanen saman nan fiye da kwanukanta.

Bara ya fara ɗiga dalma inda bai kamata ba, har ya ƙona talabijin ɗin wata mata. Babbar 'yarsa, wadda nas ce, ta ja shi wurin likitan ido. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa daga gefe zuwa tsakiya. Na hagu ya kusa tafiya, na dama zai iya kai shekara, zai iya gazawa. Ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo kullum.

Ya rufe shago, ya sauko da faifan ya jera a kan tabarmar falo. Nan matsalar ta fito. Kowane kashi yana cin awa arba'in ko fiye, ga mai gwaninta ma ke nan, kuma ya san ba zai ga ƙarshen tara ba. Na farko rubutunsa ƙanana ne kamar tururuwa, hotonsa duhu. Na shida, a cewar bayan kwalinsa, shi ne asalin labarin, tun kafin na farko. Na tara ya fi haske, amma shi ne ƙarshe, kuma bai ga amfanin zuwa jana'izar mutanen da bai sani ba. Mai aski, da yake ya buga su duka, ya rantse na huɗu ne wasa, sauran ɓata lokaci. 'Yarsa ta duba a waya, ta ce masa can ma rigima ake yi, kowa da nasa.

Mako uku yana jera su da safe, ya kwashe da yamma, bai kunna ko ɗaya ba. Ya daina cin abinci sosai. Wata rana matarsa ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

"Malam, idon nan fa ba jiranka yake yi ba."

Ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. Ta fita. Bayan la'asar ya same ta a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce tsoro yake ji. Tsoron kada ya fara, ya saba da mutanen cikin wasan, duhu ya rufe shi a tsakiyar tafiya. Da kuma tsoron kada ya tarar abin bai kai yadda ya ɗauke shi duk shekarun nan ba.

"To in bai kai ba, ai ka ga da idonka," in ji ta. "Ɗauki na mai askin. Rubutun ni zan karanta maka."

Haka suka fara na huɗu. Bai yi masa sauƙi ba. Duk abin da ya ɓullo ta hagu sai ya harbo kumbon kafin ya gan shi, har ta koyi cewa "hagu, Malam" ba tare da ta ɗago daga tsintar wake ba. Ba su gane rabin maganar da ake yi ba, don a kashi na uku aka kashe wani kyaftin da kowa ke kuka a kansa. Shi ma ya yarda wasu wuraren gundura ce kawai. Wata biyar suka yi kafin su gama.

Idon hagun ya tafi gaba ɗaya a cikin watannin. Yanzu suna kan na biyar, kuma likita ya rage masa zuwa rabin awa. Ya ja kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Da 'yarsa ta tambaye shi ko yana ganin za su kai ƙarshensa, ya ce bai sani ba, ya ce ta miƙo masa maganin ɗigawa.