Kiran da ban amsa ba

Shekarun baya, lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gwaram, muryata ta yi min yaji. Ba rana ɗaya ta tafi ba, a hankali ta riƙa kwashe kayanta. Da farko sai bayan darasi na huɗu take dishewa, daga baya tun a sallama. Ajin namu kuwa ɗalibai sun fi ƙarfin benci, tagogi ba ƙyaure, babura na wucewa a bayan katanga. Malamin da ba shi da murya a irin wannan aji hoto ne kawai. Wata huɗu ina haka, sai shugaban makarantarmu ya kira ni, cikin ladabi ya ce in zango mai zuwa ya zo ban warke ba, zai mayar da ni kula da ɗakin karatu. Ɗakin karatun namu kabad biyu ne, kuma gara ta riga ni kama aiki a wurin.

Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "wancan yaron" nake, da na girma na samu ƙarin girma zuwa "malamin makaranta". In tana da magana da ni, da matata take yi, ko da ina zaune a tsakaninsu. Wannan karon ma haka aka yi. Ina cin tuwo ta ce wa matata a faɗa wa malamin makaranta belu ne ya sauko masa, kuma ta riga ta aika a kirawo wanzami.

Wanzamin ba baƙo ba ne. Shi ya yi min askin suna, shi ya yi min kaciya, Baba muke ce masa. Ya iso da hantsi, zabira a rataye. Ya zaunar da ni ina fuskantar rana, ya danne min harshe da ɗan itace, ya leƙa, ya ce lallai belu ne, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Da ragowar muryata na tuna masa cewa shi da hannunsa ya cire min belu tun ina cikin zanin goyo, Inna ta sha faɗa min. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai belu ɗan'uwan zogale ne, kana sarewa yana tofowa.

Na rufe bakina, na ce Baba a yi haƙuri, sai na ga likita tukuna.

Da ma in iya ce muku ilimi ne zalla ya sa ni tirjewa. Da ilimin, amma da lanƙwasasshiyar askar da na hango a bakin zabira. Na koyar da yaƙe-yaƙe masu yawa, na rusa garuruwa a kan allo ba tare da fargaba ba, amma duk da alli na yi. Inna ta dubi matata ta ce boko ya kai wani har ya fara tuhumar hannun da ya yi masa askin suna.

Abokina ne ya goya ni a babur zuwa asibiti a Birnin Kudu. Likitar kunne, hanci da maƙogwaro mace ce, mai magana a hankali kamar tana tsoron tada mai barci. Ba ta fara da bakina ba, da aikina ta fara. Ɗalibai nawa ne a ajin? Darasi nawa a rana? Ina shan taba? Ruwa fa? Ina yawan gyaran murya kafin magana? Na ce wannan ai rabin aikin malanta ne. Sannan ta fesa min wani magani a hanci, ta zura siririyar roba mai fitila a kai, ta juyo min da allon na'urar, na ga cikin wuyana da idona.

"Malam, ba ka da belu," in ji ta. "Wanda ya cire ya iya aikinsa, bai bar komai ba."

Ta ƙara gangarawa ƙasa, ta nuna min wasu 'yan tsoka biyu kamar leɓɓa, suna buɗewa suna rufewa in na yi sauti. Ta ce daga nan murya take fita. A gefen ɗaya akwai ɗan ƙululu bai fi ƙwayar dawa ba, shi ya hana su haɗuwa, kuma ihun aji ne ya haife shi. Ba ta zagi wanzami ba ko sau ɗaya. Abin da ta ce kawai, askarsa ba ta kai nan, da ya yanka, naman da bai yi laifi ba zai yanka.

Ba ta yi gaggawar tiyata ba. Wata guda ta ba ni na rage magana da yawan shan ruwa. Ƙululun ya ce shi ma ɗan gida ne. Sai ta sa rana, amma da sharaɗi, kuma ta sa na zo da matata don a ji tare. Bayan aikin, kwana bakwai ba magana, ba raɗa, ba gyaran murya. Ta ce raɗa ma ta fi magana ɓarna.

"Aikina gajere ne, naka ne dogo," in ji ta. "In ka yi magana wurin bai warke ba, tabo zai fito. Ƙululu ina iya cirewa. Tabo kuwa zama yake."

Aka yi aikin ina barci, na farka da ɗaci a baki, washegari na dawo Gwaram da littafi da biro. Matata ta yi wa Inna bayanin sharaɗin sau biyu. Inna ta ji, amma ta ɗauka irin maganar da likitoci ke yi ce in sun yi ɓarna suna neman lokacin guduwa. Masu zuwa dubiya kuma ba su taimaka ba. Su yi sallama in ɗaga hannu, su yi sannu in gyaɗa kai, su fita suna salati. Kafin kwana uku labari ya kai har ƙauyen Kwandiko cewa an yanke wa malam murya a asibiti. Ni dai ina rubutu, Inna kuwa ba ta karanta boko. Ilimin da nake taƙama da shi ya tsaya a bakin ƙofarta kamar baƙon da ba a yi wa iso ba.

Rana ta biyar, da hantsi, ina zaune a tabarma, sai ga ta da Baba wanzami a bayanta. Ba ta nemi matata ba. Ta tsaya a kaina, ta kira sunana. Na yanka, cikakke. Shekarata talatin da takwas a lokacin, ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ashe ma ta fi kowa iya faɗarsa.

"Ka ce min ko kalma ɗaya ce," in ji ta. "In ba za ka iya ba, buɗe baki Baba ya duba abin da suka bari."

Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da ake nufi da uwa ta kira ka ka yi shiru. "Na'am" ta taho da kanta har bakin haƙorana. Na datse ta. Ta sake kira. Na sauko daga tabarmar na durƙusa, na riƙe hannunta, na ɗaga mata yatsu biyu, wato saura kwana biyu. Ta kira na uku. Ban amsa ba, ban kuma buɗe wa aska baki ba.

Baba wanzami ne ya fara motsi. Ya gyara ratayen zabirarsa ya ce, "Hajiya, ƙyale shi. Aikin wani ba a sa masa hannu sai ya warke, ni ma ba na son a taɓa nawa." Yana fita ya ƙara da cewa shi dai har yanzu belu ya gani.

Inna ta zare hannunta ta tafi. Kwana biyu ba ta leƙo sashenmu ba. Kunu dai yana zuwa, da ɗumi daidai, ba yaji.

Rana ta takwas na koma Birnin Kudu. Likita ta sake zura robarta, ta sa na ce "iii", wannan kuwa ban ƙirga shi a magana ba. Ta ce wuri ya yi kyau, in fara da kalmomi kaɗan, in riƙa kashe su kamar mai rowa. Ta nemi in gwada gaishe ta. Na rubuta mata cewa kalmar farko da mai ita. Ta yi murmushi ta ce in je in kai.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Na'am, Inna." Muryar ta fito siririya, amma tas.

Ba ta ɗago ba. Ta dubi matata ta ce, "Tambayi malamin makaranta wa ya kira shi." Sai dai na lura ƙwayar gyaɗar a kwanon ɓawo take ta zubawa.

Na koma ajina zangon da ya biyo baya, gara ta ci gaba da riƙon ɗakin karatu ita kaɗai. Na daina gasa da babura, in aji ya cika da surutu shiru nake yi har su tsargu. Baba wanzami ya ci gaba da yi min aski har ƙarfinsa ya ƙare. Mun yi sulhu a kan iyaka: wajen kai nasa ne, ciki na likita.

Wasu 'yan'uwa har yau suna cewa na yi taurin kai, kalma ɗaya me za ta ɓata? Ba su ne za su zauna da tabon ba. Na nemi gafarar Inna a kan kwana biyun da ta yi cikin tsoro, ta kuma yafe, ta bakin matata. Amma shirun kansa ban taɓa neman gafararsa ba, kuma in aka maimaita haka zan sake yi. Da na amsa a rana ta biyar, wataƙila da na amsa mata sau ɗaya. Da na ƙi, na yi shekaru ina gaishe ta kowace safiya da muryar da take ji daga ƙuryar ɗaki.

Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Sau uku ne duka, a rana ɗaya, kuma duk ina riƙe da su.