Jikar Manja

Duk Bungudu an san Hamidu maharbi da abu biyu, son fakara da taurin kai. Tun yana saurayi yake bin fadamar bayan gari da bindigarsa, kuma a zamanin da yake tashe yana da wata jar karya mai suna Manja. In ya harbo tsuntsu, ko cikin ruwa ya faɗa, sai ta ɗauko shi ta dire masa a gaban ƙafa ba tabon haƙori ko ɗaya.

Da ya haɗa ta da wani baƙin kare na Gusau mai irin wannan hali, 'ya'yan suka gaji aikin uwar sarai, amma duk suka fito baƙaƙe wuluk. Manja ta mutu, ja ya ɓace daga gidan. Hamidu bai damu ba, ai ba launi ke ɗauko fakara ba.

Sai da tsufa ya taɓa masa ido ya gane kurensa. Da rani akan ƙone ciyawar fadama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ga kare baƙi. Wata safiya ya ga motsi, ya saki wuta, saura ƙiris ya kashe Kande, 'yar Manja da ta rage masa. Babban ɗansa Mannir ya ɗauke bindigar ya rataye a ɗakinsa.

"Baba, wagga bindiga ta huta," in ji Mannir. "Sai ran da kas samu karen da kaka gani."

Mannir ya ɗauka ya gama magana, don ya san tsohon ba zai taɓa yarda da karen da ba jinin Manja ba. Abin ya ci wa Hamidu rai ƙwarai. Kwana da kwanaki yana zaune a zaure kamar an yi masa mutuwa, har ranar da jikarsa Zainab ta kawo masa fura ta yi dariya. Ya matso da fuskarta ya ƙura mata ido. Wushiryar marigayiya matarsa ce sak, alhali ko ɗaya cikin 'ya'yansa bai fito da ita ba.

"Ashe ɓoyewa takai!" ya ce, har yana kifar da ludayi.

Washegari ya sa Kande a bayan a-kori-kura sai Tsafe, wurin amininsa Shu'aibu, wanda ya taɓa bai wa ɗan kwikwiyo, yanzu kuma yake riƙe da wani baƙin jikan Manja. Shu'aibu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hamidu, baƙi da baƙi mi za su ba ka? Gawayi biyu ba su haihuwar manja."

"Kai dai sake karenka," in ji Hamidu.

Wata biyu gari na yi masa ba'a, shi kuwa yana ɗura wa Kande romon ƙashi. Ran da ta haihu a rumfar bayan gida, da hantsi, Mannir da Zainab suka riga shi zuwa, suka duƙa suna dubawa. Baƙi, baƙi, wani baƙin. Mannir ya miƙe yana neman kalmar da zai lallashi uban da ita.

Hamidu yana can nesa, bakin danga, dogare da sanda. Sai ya saki sandar.

"Ga ta can! Ƙarƙashin ƙafar uwar, ga ta can tana motsi!"

Zainab ta ɗaga ƙafar Kande, ta ƙwala ihu. Wata 'yar mitsitsiya ce, ja jawur kamar an tsoma ta a manja. Tsohon nan har da rawa, yana kabbara, hawaye na bin gemunsa.

Mannir ya dubi tazarar da ke tsakanin dangar da rumfar, ya sake duban ubansa. Ya juya ya nufi ɗakinsa, inda bindigar take rataye.

Hamidu ya ɗaga murya ya bi shi da ita: "Ku shaida hwa, ku masu ido, ni nar riga ku ganinta!"