Jan Zare a Bakin Bututu

Shekara talatin da takwas ya yi yana rarrafe a cikin silin ɗin mutane, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Zare. Aikinsa ɗaura injin iska na cikin gida, akwatin nan mai fanka da ke tura sanyi lokacin zafi, ɗumi lokacin sanyi, ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. Sunan kuwa ya samo shi ne daga wani jan zare da yake naɗewa a murfin biro ya jefa aljihu. Ba ya zaɓa wa kowa inji sai ya bi ɗaki ɗaki ya ɗaga zaren a bakin bututu ya ga yadda yake rawa. Abokan aiki sun yi masa dariya har sun gaji, shi ko a jikinsa.

Taurin kai kam yana da shi, kuma da wuya a ga laifinsa. Masu shago ba sa son ganinsa, domin da zarar sun lallaɓa mutum zai ɗauki ƙaton inji, sai ya tsoma baki ya ɓata ciniki. Bara waccan ya faɗo daga tsani, gwiwa ta tsage, likita ya hana shi hawa, kamfani ya sallame shi da agogon bango. Tun daga nan aikinsa ɗaya, kullum da yamma ya dogara sanda ya je gaida Yaya.

Yaya ce ta raine shi da keken ɗinki bayan rasuwar iyayensu, kuma har yau da furfurarsa Auta take ce masa. Tana zaune a gidan ɗanta, wanda ake kira Manaja, a ɗakin can ƙarshen lungu. Ɗakin ba ya ɗumi. Da sanyin bana ya shigo, tari ya sa ta gaba, likita ya ce ƙirjinta ba zai jure ba. Manaja ya yanke magana: zai sa sabon inji, in ɗakin bai yi ɗumi ba, a kai ta wurin ƙanwarsa, tafiyar wuni guda a mota. Baba Zare ya san Yaya tana tsoro. Shi ma yana tsoro, don ya san in ta tafi sai dai labari.

Ran nan ya iso ya tarar da kwali a ƙofar gida, tsayinsa ya kai ƙirji, ma'aikata biyu na shirin ɗagawa. Ya sa tabarau ya karanta takardar jikinsa. Sai ya jingina da kwalin ya kafa sanda.

"Kawu, sannu da zuwa," in ji Manaja. "Wanda ya fi kowanne girma na ɗauko."

"Na gani. Ba zai shiga gidan nan ba."

"Haba Kawu! Ku huta mana, yanzu zamani ya canza."

"Zamani ya canza, bututun gidanka bai canza ba."

Manaja ya ɗaure fuska, ga ma'aikata na kallo. "Da girmanku, Kawu, amma gidana ne."

"Gidanka ne. Yayata ce."

Tsohon injin yana nan da sauran numfashi, sai ya ce a kunna. Ya zaro zaren. A falo zare ya tashi yana kaɗawa, a ɗakin Manaja ma haka. Da suka isa ɗakin Yaya ya miƙa hannu bakin bututu, zare ya saki jiki ya tsaya cak.

"Ka gani? Ma'aunin zafin yana bangon falo. Wannan ƙaton naka minti biyar zai ɗumama falo, ma'auni ya ce ya isa, ya kashe kansa. Kai kana gumi, uwarka tana rawar ɗari. Ranar da ka ga haka sai ka ce ka yi iya ƙoƙarinka, ka kira mota."

Manaja ya kawar da kai, domin abin da zai yi ke nan.

"Kawo tsani," in ji Baba Zare.

Aka yi caa a kansa. Yaya daga kan gado ta ce, "Auta, kada ka hau." Shekara sittin yana jin maganarta, ranar dai ya yi kamar da bango take. Ya cije tocila a baki ya hau, mataki ɗaya, hutu ɗaya, yana zagin gwiwar ƙasa ƙasa. Suna jin jan cikinsa a saman kansu har ƙarshen lungu. Can sai muryarsa ta sauko: "Wane mai hankalin ne ya ajiye akwati a nan?"

Akwatin ƙarfe ne cike da littattafan makarantar Manaja. Shi da kansa ya tura shi silin shekara shida da suka wuce, ya danne bututun ɗakin uwarsa har ya lotse kamar gwangwanin da mota ta taka. Manaja ya tsaya riƙe da tsani, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Baba Zare ya sauko da ƙura har gira, gwiwa ta kumbura suntum. A bayan kwalin ya rubuta abin da za a kawo: matsakaicin inji daidai da faɗin bututun, wanda ya dace da ɗan'uwansa da ke kafe a wajen gida, mai fankar da ke rage gudu ta daɗe tana hurawa a hankali har iska ta kai ƙarshen gida. Aka mayar da ƙaton. Bayan kwana uku ma'aikatan suka canza bututun suka ɗaura sabon, shi yana kan kujera yana nuni da sanda yana faɗa. Ya riga ya san ba zai ƙara hawa tsani ba.

Da aka kunna, ya dogara zuwa ɗakin Yaya ya ɗaga hannu. Zaren ya motsa, ya tashi, ya ci gaba da rawa bai tsaya ba.

Yaya ta ƙura masa ido. "Auta, wannan ba zarena ba ne? Na kan kekena?"

"Naki ne. Ranar da na fara aiki na tsinka, kuma duk lokacin da ya tsufa, a nan nake sake tsinko wani."

"Ɓarawo. To maido mini abina."

Ya sa Manaja ya ɗaure shi a bakin bututun, inda za ta riƙa ganinsa daga kan gado. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce gobe ma da yamma yana nan tafe.