Ba Ta Yi Ƙibar Jego Ba

Kaka ce, kakar da gero ya yi kyau har masu ƙorafi suka rasa abin faɗa. Rumbuna sun cika, gyaɗa ta yi ƴaƴa, ɓeraye ma sun samu nasu, suna bin danga da rana tsaka ba tsoro. Kowa na cewa shekarar albarka ce. Ni dai ban ji daɗinta ba.

Ɗiyata ta fari ta zo wankan gida daga wani ƙauye na wajen Kwaya, haihuwarta ta farko. Tun a awon ciki lokotoro a Magarya ya ce tana da ciwon sukari. Ban yi mamaki ba. Shi ya ɗauki mahaifinta bayan ya cinye masa ƙafa, shi ya makantar da kakarta. Gidan su mijina gidan masu jiki ne, ana ce musu gidan hutu. Lokotoron ya ja mini kunne: ba sukari, ba zuma, fura da tuwo kaɗan, a yawaita ganye da wake, ta riƙe maganinta. Na bi. Ta sauka lafiya, namiji.

Ranar suna ƙanena ya zo, mai koyarwa a kolej a Waca. Muna bayan ɗaki ya ciro waya.

"Yaya, zo ki ga dangin mijinki."

Hoton ɓeraye biyu ne. Ɗaya siriri irin namu, ɗayan ya cika ya batse kamar ƙullin fura.

"Kai dai ba ka girma," na ce.

"Wallahi uwa ɗaya suke. Wannan ƙaton an haife shi da wata naƙasa a cikin irinsa, jikinsa ba ya gaya masa ya ƙoshi. Sai ya ci, ya ci, sukari ya kama shi. Masu bincike ke kiwonsu da gangan, a ɗaki mai sanyi, a auna musu abinci, a duba jininsu, don a gane ciwon."

"To mutum fa?"

"Na mutum ya fi wannan rikici. Amma jini yana ja, Yaya. Ki kula da ita."

Na kai shekara uku a ajin yaƙi da jahilci, ba a taɓa gaya mini abin da ya zauna mini kamar wannan ba. Ashe abin da muka yi ta yaba wa gidan nan tun ina amarya, shi ke binne su ɗaya bayan ɗaya.

A wajenmu kuwa, uwa ba ta mai da mai jego gidan miji sai ta yi ƙiba. Wuya ya yi gwiɓi, awarwaro ya kama hannu. Da haka ake auna uwa. Ɗiyata ba ta rame ba, amma ba ta cika ba. Idonta garau, nono isasshe, tana tashi ba jiri. Ni ya ishe ni.

Arba'in na matsowa uwar mijinta ta iso, Hajiya, da mata biyu da ƙullin sukari a ka. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Wannan ce mai jegon, ko mai takaba? Innar yara, mun ba ki turmi za ki maido mana taɓarya?"

"Hajiya, lokotoro ne ya hana mata zaƙi."

"Lokotoron ya taɓa haihuwa?"

Matan suka fashe da dariya. Na ce a hankali, "Abin da ya kai mahaifinta ƙasa ke nan."

"Ajali ya kai shi. Ke kuma ɗiyar fari kike wa baki haka a gaban mutane? Ina kunya?"

 Da hannunta Hajiya ta dama kunun kanwa a murhuna, ta antaya sukari har ludayi na ja, ta miƙa. Yarinyar ta dube ni. Wa ke mai da hannun uwar miji? Ta shanye tas. Safe da maraice haka, har kwanakin suka cika, Hajiya na zaune gabanta tana cewa a ƙara. Ina tsinke zogale ina tuna ɓeran nan. Shi an san ciwonsa, an auna masa abinci, kuma ba shi da suruka.

Ƙishirwar ciwon ta dawo wa yarinyar. Randa ba ta wuni. Ranar da ake haɗa kayanta, da la'asar, na same ta tana laluben allura a tabarma, allurar kuwa tana gabanta.

"Inna, hazo nake gani."

Mijinta ya zo ɗaukarsu, ya durƙusa daga bakin zaure. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar na yi. Na gaya masa komai. Yaron kirki ne, ya sunkuyar da kai.

"Inna, magani zan saya, ba zai yanke ba. Amma tukunya ta Hajiya ce. Ba zan iya ba."

Washegari na bar wa maƙwabciya awakina. Na ɗaure busasshen zogale da wake, na ɗauki ƙaramar tukunyata da tabarma, na hau amalanken da zai kai su kafin kowa ya fito, na zauna a kan buhu.

Hajiya ta tsaya riƙe da mayafi. "Ina zuwa?"

"Gidanku."

"Uwa ta tare gidan suruki? Garin nan da can za su sa ki a waƙa."

"Su sa," na ce. Na miƙa hannu na jawo ɗiyata, don ba ta ga matakin ba.