Lantana Mai Ƙuli da Akwatin Awon Hayaƙi

A Dumega in ka ce Lantana, sai an tambaye ka wacce. In ka ce Lantana mai ƙuli, ba ka ma bukatar ɗan rakiya, hancinka zai kai ka. Tun daga bakin hanya ƙamshin man gyaɗa ke tarbar mutum, hayaƙi na biye da shi.

'Yar Kiyeshe ce, kuma a gindin murhu ta tashi. Uwarta ma ƙuli ta yi har ƙarshen ranta. Tari ne ya yi ajalinta, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta. Lantana ta gaji kasko da sana'a, ta taho da su Dumega da ta auri Ado. Ado ba mugun mutum ba ne, sai dai gonarsa ba ta kai su rabin shekara. Ya ƙetare iyaka neman aiki, ya bar ta da tsohuwarsa Inna Kaltume, wadda ƙafa ta hana ta komai ban da magana. Saboda haka kaskon nan shi ke ciyar da gidan.

Itace kuwa ya zama na masu hali. Lantana kara take ƙonawa, da ɓawon gyaɗa, da busasshen kashin shanu, in wuta ta ƙi kamawa ta cusa mata leda. Da rani a tsakar gida take suya, abin da sauƙi. Da damina sai ta shige wani ɗan ɗakin girki marar taga, wanda bangonsa ya yi baƙi ƙirin. Can take yini, 'yarta Zulaiha na goye a bayanta.

Zulaiha ita ce damuwar. Ba a kai ga yaye ta ba numfashinta ya fara ƙara, kamar ana busa ƙaramin usur a ƙirjinta. In abin ya taso, haƙarƙarinta ya dinga lotsawa, leɓenta ya canza launi. Lantana ta kai ta dispansar, ƙaramin asibitin garin, har ƙafarta ta san hanyar. A ba da maganin sha, yarinya ta ɗan samu, abin ya komo. Daga ƙarshe malamin asibitin ya gaya mata gaskiya, sai an ɗauki hoton ƙirjin yarinyar a babban asibiti, likitan yara ya duba. Lantana ta ce to, ta fito. Ba ta da abin zuwa, shi ma ya sani.

Ana cikin haka, da tsakiyar damina, masu bincike suka sauka a garin. Wadda ta shigo gidan Lantana wata budurwa ce daga Dogon Dutsi, sunanta Marwa. Ta zo da wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba, cikin jaka mai igiya.

“Yaya, abin ga ba shi magana, ba shi ɗaukar hoto,” in ji Marwa. “Iska kaɗai shika shaƙa, kamar ke. Ki rataya shi yini da kwana, duk inda kika tahiya. Kak ki bari shi jiƙe dai.”

Ta yi mata bayani a tsanake. Ba za su iya auna kowane gida a Arewa ba, shi ya sa suka zaɓi kaɗan. Abin da akwatin ya shaƙa za a haɗa shi da irin makamashin gida da irin ɗakin girki, a zuba wa ordinatar, wato kwamfuta, ita kuma ta ƙiyasta yawan hayaƙin da sauran mata da yara ke sha a garuruwan da ba a je ba. Gidajen da awo ya nuna sun fi hayaƙi kuma, za a kai uwa da ɗanta Dosso a duba ƙirjinsu, ba su biya komai ba.

Duk dogon bayanin nan, maganar ƙarshe ce kawai ta zauna wa Lantana. Hayaƙi dai? Ai ko a Dumega kaf ba ta da na biyu. Ranar har waƙa ta yi wa Zulaiha.

Da safe ta rataya akwatin, ta yi shara da shi, ta ɗebo ruwa da shi tana kare shi da mayafi. Da ta ɗora kasko, mai ya yi zafi, sai ɗigo ɗaya ya fantso ya sauka a jikin jakar.

“Ke ɗiyag ga!” Inna Kaltume ta ɗaga murya daga kan tabarmarta. “Da kayan mutane za ki shiga wuta? Ko zanenki na salla ba ki shiga da shi nan. In ya lalace hannunki, mi za ki ce musu?”

Ni dai ban ga laifin tsohuwa ba, ban ga na Lantana ba. Haka aka tarbiyyantar da su. Mace takan tuɓe kayan kirki kafin ta tunkari murhu, kayan amana kuwa ko ƙura ba a bari ta hau su. Lantana ta goge jakar, ta naɗe akwatin cikin zanen sallar, ta sa a kwalla ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce a ranta ai gidan duka ya jiƙe da hayaƙi, baƙo ma in ya kwana sai rigarsa ta tafi da wari, balle abin da aka ƙera don shaƙa.

Ranar kuma karan ya sha ruwa. Hayaƙin da ya tashi a ɗakin nan, ita kanta da ta saba sai da ta fito sau da yawa tana share hawaye. Da ta gama ta yi wanka, ta ciro akwatin ta mayar a wuya. Washegari ta miƙa wa Marwa shi tsaf, har da ƙullin ƙuli na tsaraba.

Bayan ɗan lokaci Marwa ta dawo, fuskarta ba walwala.

“Yaya, awonki ya hito kamar na wadda ba ta taɓa hura wuta ba. Ina kinka aje akwatin?”

Lantana ta shiga ɗaki da saurinta ta ɗauko kwallar, ta buɗe ta nuna, tana jiran a yaba mata. Marwa ta dubi kwallar, ta nemi turmi ta zauna. Ta ce awon ya ɓaci, an fitar da gidan daga binciken. Akwatunan kuma sun wuce Ɗan Kassari, daga can sai Yamai.

Sai a lokacin Lantana ta gane abin da ta yi da hannunta. Ta kama Marwa ta ja ta cikin ɗakin girkin, inda wuta ke ci.

“Malama, shaƙa da hancinki! Don Allah ki shaƙa, ki tai ki hwaɗa musu. Saurari ƙirjin ɗiyag ga. A maido shi, wallahi cikin kaskon ma sai in sa shi!”

Marwa ta fito tana tari, idanunta jajur. “Na ji, Yaya, na gani. Za ni roƙon shugabanmu. Amma ba hancina suka yarda da shi ba.”

Ranar da motar kai mata da yara Dosso ta zo, Lantana ta yi wa Zulaiha wanka, ta sa mata rigarta mai kyau, ta je ta tsaya ba a kira ta ba. Matan da aka zaɓa suka shiga da 'ya'yansu, har da waɗanda a tsakar gida suke girki. Marwa ta matso ta ce ta roƙa, an ƙi, don in aka ɗauki gida ɗaya ba da awo ba, gari duka zai taso. Lantana ta durƙusa a ƙasa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa wanda ta girma ba. Ta ce a ɗauki yarinyar kaɗai, ita za ta biyo da ƙafa. Marwa ta kau da kai tana kuka. Motar ta tashi.

Kafin ta isa gida hadari ya haɗo. Washegari kasuwa ce, ga gyaɗa an riga an niƙo, in ba ta soya ba babu abin da za su ci. Ta kwance Zulaiha ta zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakin kwana, kusa da Inna Kaltume, ta shiga ta hura wuta. Ruwa ya sauko. Ba a daɗe ba ta ji ƙarar numfashin nan a bayanta. Yarinyar ta rarrafo cikin ruwa, ta shigo cikin hayaƙin, ta kama gefen zanenta. Lantana ta mayar da ita, yarinyar ta sake dawowa a jiƙe tana kakari. Mai ya fara ƙonewa a kasko. Lantana ta sunkuya ta ɗauki 'yarta, ta goya ta, ta ƙara wa wutar kara.