Falmaran Ɗin Da Ya Kusa Hana Ni Aure

Shekarun baya can, ina gwauro a Greensboro, falmaran ɗin roba guda ɗaya ya kusa raba ni da matar da nake aure yanzu.

Abokina ɗan Jos da muke aiki tare shi ya ja ni. Mutanen cocinsu da wasu 'yan unguwa kan fita ranar Asabar su share wani rafi da ke bi ta ƙarƙashin gada kusa da titin Gate City. An gitta wani dogon shingen roba mai yawo a kan ruwa, ruwan ya wuce ta ƙasa, shingen ya tare kwalabe da ledoji ya kora su cikin kejin waya. Namu mu shiga da dogayen takalma mu kwashe. Ya ce rafin yana faɗawa kogi, kogin ya zarce har teku, duk robar da muka tare a nan ba za ta isa can ba. Ni dai ba tausayin kifi ya kai ni ba, kaɗaici ne ya ishe ni, kuma an ce akwai kofi kyauta. Amma kafin in ankara abin ya shiga raina. Doka ɗaya ce a wurin: ba mai matsawa kusa da ruwa sai da falmaran mai ruwan lemu, mai ɗaukar ido.

A lokacin ina neman wata yarinya, har mahaifinta, wani Alhaji mai sayar da motoci a titin nan, ya ce in turo magabatana. Kwatsam sai ya sauya. In gaishe shi a masallaci, ya amsa yana kallon wani wuri. Hankalina ya tashi ƙwarai, abinci ma ya daina shiga.

Yarinyar ce ta kira ni. “Ka gaya mini gaskiya, me ka yi? Baba ya gan ka ƙarƙashin gada da orange vest da buhu a hannu. Ya ce community service ne, kotu ce ta sa ka.”

Sai a nan na tuna, a ƙasar nan waɗanda alƙali ya yanke wa aikin tsintar shara a bakin titi irin falmaran ɗin nan mai ruwan lemu suke sawa. Na garzaya wajen Alhaji, na durƙusa, na zuba bayanin rafi da kogi da teku. Ya bar ni har na gama.

“Wane teku? Tekun da sai ka yi rabin yini kana driving? Yaro, na daɗe a ƙasar nan. Ba wanda ke tsintar shara don Allah. Ranar Asabar zan zo in gani da idona.”

Ya zo kuwa, cikin farar shadda. Shugabarmu, wata tsohuwar Baturiya da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, ta tare shi ta miƙa masa falmaran da safar hannu. Ya dube ni, ya dube ta, ya sa a kan shaddar. Ya tambaye ta wa ke sa wa mutanen nan hannu a takardar kotu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna masa faston abokina tsamo-tsamo cikin ruwa yana fama da wata tsohuwar taya.

An yi ruwan sama a makon, kejin ya cika taf. Alhaji ya leƙa, ya ɗauko kwalbar molt irin wadda muke saya a shagunan Afirka, ya jujjuya ta. “Wannan ai tamu ce,” in ji shi. Daga nan ya naɗe hannun riga. Ba a jima ba ya karɓe ragamar aikin, yana nuna wa fasto inda zai ajiye buhu.

Muna cikin haka wata mota ta rage gudu a kan gada. Wata Hajiya ce da duk jama'armu suka san ba ta kwana da labari. Ta sauke gilashi.

“Innalillahi! Alhaji, kai ma? Me ka yi?”

Motar baya ta yi mata hon, ta ja ta tafi kafin ya buɗe baki. Alhaji ya tsaya da kwalba a hannu, ya dubi falmaran ɗinsa, ya dube ni. Ni kuwa ina ta cije leɓe. Shi ya fara fashewa da dariya, sannan na samu damar sakin tawa.

“Ka turo magabatan naka gobe,” ya ce. “Kafin ta gama da mu, gara a ce surukai ne aka kama tare.”

Har yau in na tuna sai farin ciki ya cika ni. Na gane wasu abubuwan baki ba ya iya wanke mutum a kansu, sai an zo an jiƙe tare da kai. Ban ga tekun nan da idona ba sai bayan biki, da muka je ni da amarya. Ina tsaye ina duba bakin ruwan ko zan ga kwalbar molt, ban gani ba, na ɗauki hoton yashin na tura wa surukina.

Amsarsa ta zo nan take: “Aikinmu ne. Ku dawo kafin Asabar.”