Kwana Huɗu da Yaye

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara. Na tashi ƙirjina yana zogi, domin kwana huɗu ke nan da yaye ɗana, nono ya cika ya yi tauri. Na ɗaure shi da tsohon ɗankwali, na ɗora ruwan koko. Mijina Bello ya tafi fadama tun kafin bakwai, ana cirar albasa. Ƙauyenmu yana yamma da Lambara. Ba wanda ya san da zamanmu sai masu sayen albasa da masu neman ƙuri'a.

Yaron yana wajen Inna, uwar mijina, zana ɗaya ce tsakaninmu. Haka ake yi, in an yaye yaro kaka ke ɗauka. Ina jin kukansa, ba na leƙawa. Sunansa Umaru, watansa ashirin. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunan nan a gaban mutane ba, ban taɓa yi masa wasa da idon kowa ba. Ana yabona da kunya. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Ƙarfe tara da kwata na ji babura. Na ɗauka dillalan albasa ne. Amma dillalai ɗaya ko biyu suke zuwa, waɗannan kuwa ƙararsu ba ta da tsakiya ba ta da ƙarshe. Sai harbi ɗaya ta wajen masallaci. Aka yi shiru kamar na numfashi biyu. Daga nan harbin bai ƙara tsayawa ba.

"Ku hito! Kowa shi kwanta! Ina shanu?"

Na keta zana. Inna ta riga ta goya shi. Mace ce da ta haura sittin, gwiwarta na ciwo, amma ta riga ni fita ta bayan gida. Ta hanyar Lambara maharan suka shigo, dole muka yi daji. Mu goma sha wani abu ne, mata da yara. Ba wadda ta ɗauki buta. Ni da muciya a hannu na gudu, sai da muka yi nisa na lura na yar.

Ƙarfe goma muka ga hayaƙi a bayanmu. Rumbuna ne. Warin gero in yana ƙonewa daban yake, kowace mace a cikinmu ta gane shi. Muka kwanta a wani kwazazzabo har sha biyu, saboda babur biyu suna ta zagaye a bakin kwazazzabon. Umaru ya fara kuka. Inna ta toshe masa baki da tafin hannu, tana karanta abin da ta sani.

Da ƙarar ta ɗauke muka tashi. Ƙasa tana ƙuna, rabinmu ba takalmi. Wajen ƙarfe biyu kukan yaron ya canza. Ba hawaye, leɓensa ya tsage, sai buɗe baki yake yi yana miƙo mini hannu ta kan kafaɗar Inna. Nono ya jiƙa ɗankwalin, ya jiƙa rigata har ciki. Na matsa kusa, na fara kwance ɗaurin.

Inna ta juyo da shi ɗaya gefen. "Ke, nonon ga ya kwana huɗu. Zawo kike son ki sa mai?"

Duk matan suna kallona. Kowa ya san maganar: nonon da ya kwana ya lalace, yaron da aka yaye ba ya komawa. Na mayar da ɗaurin. Babu bindiga a kaina a lokacin. Idon mata takwas ne kawai, kuma ya isa.

Kafin la'asar muka iso wani tafki da ya kusa ƙafewa. Ruwan kore ne, bakinsa duk sawun kofato da kashin shanu. A gefe na ga zawon maruƙa, fari-fari mai ruwa, ƙuda sun rufe shi. Gidan kiwo na tashi. Na san in maraƙi yana irin wannan, babana ware shi yake yi, ya hana mu taɓa akushinsa. A wajen awo ma an sha gaya mana a tafasa ruwan yaro. Na san duk wannan.

Inna ta cire kallabinta, ta ninka biyu, ta tace ruwan a wani fasasshen ƙoƙo da muka tsinta. Ya fito ya ɗan yi haske. Ta yi bismillah ta ba shi. Ya sha har yana shaƙewa, ta ƙara masa. Mu ma duk muka sha. Ina tsaye taku uku daga gare shi, da abin da ya fi komai tsabta a dajin nan yana zuba a rigata.

Gab da magariba muka fito titi. Wata motar albasa ta kwashe mu zuwa Bodinga, gidan ƙanwar Inna. Washegari da hantsi Bello ya iso, ƙafarsa a kumbure. Shi ya kawo sunayen waɗanda aka kashe. Mutum biyar, har da ƙaninsa Sani da liman. Shanu ba a bar ko ɗaya ba. Mutane suna shigowa jaje suna cewa mu mun auna arziki, mun fito da yaronmu lafiya.

Ranar Juma'a zawo ya fara. Ni ma na yi, wasu matan ma sun yi, kwana biyu ya tsaya mana. Nasa bai tsaya ba. Inna ta duba bakinsa ta ce, "Haƙori na, shi ka sa haka." Ranar Lahadi na ga jini a zanen goyo. Yana naɗe ƙafafu yana ƙara in cikin ya murɗa. Aka sayo ƙwayoyi a kanti, aka jiƙa saiwa. Gidan cike yake da masu zaman makokin Sani. Wa zai saurari matar da ta tsallake gawa biyar tana maganar kashin ɗan fari? Na wanke zanen na shanya a bayan ɗaki.

Ranar Laraba zawon ya ragu, aka yi hamdala. Ranar Alhamis na lura tun jiya bai yi fitsari ba. Fuskarsa ta kumbura, tafin hannunsa ya yi fari fat. Ƙarfe takwas na safe na shiga ɗakin Inna, na ɗauke shi daga cinyarta a gaban kowa, na fita. Ba wanda ya hana ni. Ashe dama ba wanda zai hana ni.

Malamar asibiti ta danna ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso ba. "Wane ruwa yash sha?" Na gaya mata. Ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada, amma ta san alamar. Ta yi mini bayani a tsaye tana neman jijiya. Hanjin kowa, mutum da dabba, cike yake da ƙananan ƙwayoyi, yawancinsu ba ruwansu da kowa. Amma a danginsu akwai miyagu. Wata tana zaune a cikin saniya, saniyar na kiwonta lafiya lau, ta fito a kashi ta shiga ruwa. Babba ya sha ya yi zawo ya miƙe. A cikin ƙaramin yaro sai ta ci hanji, dafinta ya sauka a ƙoda. Kallabi ba ya tace ta, ko an ninka shi goma.

Na tambaye ta a hankali, don kada Inna, da ta biyo ni tana bakin ƙofa, ta ji, ko nonon da ya kwana huɗu yana sa zawo. Ta ɗago ta dube ni. "Nono ba shi lalacewa cikin ƙirjin uwa. Wa yag gaya miki?" Inna ta ji.

Ta rubuta takarda ta ce mu wuce Sakkwato yanzu, aikin ya fi ƙarfin nan. Bello ya samo mota ƙarfe sha ɗaya. Yaron yana hannuna, Inna tana riƙe da ƙafarsa. Ba mu yi minti goma da barin gari ba numfashinsa ya ja sau biyu ya tsaya. Direba ya sauka gefen titi, ya yi salati, ya juya motar. Bayan azahar aka kai shi maƙabartar Bodinga, cikin mutanen da bai sani ba.

Ban tsani Inna ba. Ta goya shi yini guda da gwiwa ɗaya, abin da uwarta ta koya mata shi ta yi. Waɗanda suka fitar da mu daga gida ba buta, su ban yafe musu ba, kuma ba ni da niyya. Sauran fushin nawa ne, ni da shi muke kwana.

Bayan sati biyu wasu mutane suka zo da takarda, suna ɗaukar sunayen waɗanda aka rasa a harin. Bello ya lissafa musu biyar. Inna, wadda tun ranar jana'izar yaron ba ta yi wa kowa magana ba, ta ɗago daga tabarma.

"Shidda na."

Mutumin ya tsayar da biro. Ya tambaya ko na shidan harbinsa aka yi. Bello ya ce a'a, zawo ne. Mutumin ya yi mana gaisuwa da ladabi, ya ce Allah ya sa mai ceto ne. Ya rufe takardarsa a kan biyar, suka wuce gida na gaba.